Me Ya Sa Kamfanonin Wasannin Bidiyo Ke Juya wa Wasu Na'urori Baya?

Matafiyin da ya tashi daga Sakkwato ya nufi Jega zai ratsa Boɗinga, sa'an nan Shagari, kafin ya isa Tambuwal. A garuruwa irin waɗannan, shagon wasan bidiyo, wanda samari ke kira gidan gem, ba baƙon abu ba ne: talabijin, benci, ɗan janareta a waje, da na'urar PlayStation wadda aka fi buga ƙwallon ƙafa da ita. Inda har yanzu ake amfani da PlayStation 2 kuwa, mai lura zai gane cewa wasan ƙwallon da ke dauke da sunayen 'yan wasan bana ba daga kamfani ya fito ba. Wasu masu sha'awa ne suka yi wa tsohon wasa kwaskwarima. Kamfanonin EA da Konami sun yi wa wannan na'ura wasannin ƙwallonsu na ƙarshe, wato FIFA 14 da PES 2014, tun a shekarar 2013. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. To, mene ne ke sa kamfani ya daina yi wa wata na'ura wasa?

Maƙeri Daban, Mai Wasa Daban

Da farko ya kamata a bambanta ɓangarori biyu. Akwai kamfanonin da ke ƙera na'urar kanta, kamar Sony da Nintendo da Microsoft. Akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu waɗanda aikinsu shirya wasanni da sayar da su, kamar EA na Amurka, Konami na Japan da Ubisoft na Faransa. Na farkon irin waɗannan shi ne Activision, wanda wasu tsofaffin ma'aikatan Atari suka kafa a 1979. Kamfani mai zaman kansa yana neman izinin maƙerin na'ura, yana kuma biyan sa wani kaso a kan kowane wasa da ya sayar. Shi maƙerin sau da yawa ba ya samun riba mai yawa a kan na'urar, wani lokaci ma faɗuwa yake yi, da fatan zai mayar da kuɗinsa daga wannan kaso. Ke nan kowane ɓangare yana buƙatar ɗan'uwansa.

Dalili na Farko: Yawan Masu Na'ura

Lamarin ya yi kama da na tashar mota. Direba ba ya ɗora motarsa a hanyar da babu fasinja, shi kuma fasinja ba ya tsayawa a inda mota ba ta bi. Haka mutane ba sa sayen na'urar da ba ta da wasanni, kamfanoni kuma ba sa yi wa na'urar da mutane ba su saya ba wasa.

Lissafin mai sauƙi ne. A ɗauka, a matsayin misali kawai, cewa mayar da wani wasa zuwa wata na'ura zai ci dala miliyan 2, kuma ribar kowane kwafi dala 20 ce. Sai an sayar da kwafi 100,000 kafin uwar kuɗi ta dawo. Idan mutum ɗaya cikin kowane ɗari na masu na'urar ne zai saya, ana buƙatar na'urori miliyan 10 a hannun jama'a kafin a fara maganar riba.

Irin wannan lissafi ne ya kayar da Wii U ta Nintendo, wadda ta fito a Nuwamba 2012. Yayarta Wii an sayar da fiye da miliyan 100, amma ita duk tsawon rayuwarta ba ta kai miliyan 14 ba. A farkon 2013 Ubisoft ya jinkirta wasan Rayman Legends, wanda aka shirya domin Wii U kaɗai, don ya fito da shi a wasu na'urori ma. A watan Mayu na wannan shekara EA ya bayyana cewa ba shi da wani wasa da yake shirya mata. Kowace janyewa ta ƙara rage masu sha'awar sayen na'urar, raguwarsu kuma ta ƙara korar wasu kamfanonin.

Dalili na Biyu: Fasaha da Tsada

A 1996 Nintendo ya fito da Nintendo 64, ya kuma zaɓi ya ci gaba da amfani da kaset mai ƙwaƙwalwar lantarki, alhali PlayStation ta Sony, wadda ta fito a Japan a 1994, faifan CD take ci. Kaset mafi girma na Nintendo 64 yana ɗaukar megabait 64, faifai ɗaya kuwa kimanin megabait 650, wato ninki goma. Bugu da ƙari, ƙera kaset ya fi buga faifai tsada nesa ba kusa ba, ya kuma fi ɗaukar lokaci. Kamfanin da ya yi odar kaset da yawa, wasan bai karɓu ba, ya yi asara babba. Wanda ya yi kaɗan, wasan ya karɓu, sai kasuwa ta wuce shi kafin ƙari ya iso. Saboda haka kamfanin Square, wanda ya daɗe tare da Nintendo, ya kai Final Fantasy VII wurin Sony, inda ya fito a 1997 a kan faifai uku. A ƙarshe an sayar da PlayStation fiye da miliyan 100, Nintendo 64 kuwa kimanin miliyan 33.

Har ila yau akwai batun ginin cikin na'ura. PlayStation 4 da Xbox One, waɗanda suka fito a 2013, duka suna amfani da ƙwaƙwalwar sarrafa bayanai ta kamfanin AMD, iri ɗaya da tsarin kwamfutocin gida. Wii U kuwa tana da ta IBM, mai wani tsari daban, kuma ba ta kai su ƙarfi ba. Wasan da aka rubuta wa waɗancan biyun sai an sake masa aiki mai yawa kafin ya yi tafiya a kanta.

Dalili na Uku: Amana

Kasuwanci yana tafiya ne da yarda. Kamfanin Sega ya fito da 32X a 1994, bai daɗe ba ya yi watsi da ita. Ya kawo Saturn Amurka a 1995, watanni kafin ranar da ya sanar, abin da ya rikita dillalai da masu shirya wasanni. Da Dreamcast ta fito a Japan a 1998, EA bai yi mata wasa ko ɗaya ba, bayan tattaunawarsu da Sega ta watse. Na'urar ta rasa FIFA da Madden ke nan. A Janairu 2001 Sega ya sanar da daina ƙera ta, kuma duk tsawon rayuwarta kimanin miliyan 9 aka sayar. Daga nan Sega da kansa ya koma mai yi wa na'urorin abokan hamayyarsa wasanni.

Dalili na Huɗu: Tsufa

Labarin PlayStation 2 daban ne, domin ita ba faɗuwa ta yi ba. Ta fito a 2000, an sayar da fiye da miliyan 155, aka kuma daina ƙera ta a farkon 2013. Tsufa ne ya cim mata. Ma'ajiyar aikinta megabait 32 ce, ta PlayStation 4 kuwa gigabait 8, wato ninki 256. Sa'an nan kamfanoni ba sa ƙirga yawan masu wasa, masu sayen sabon wasa na asali suke ƙirgawa. Samari hamsin da ke buga ƙwallo kullum a wani shago a Shagari da faifan da aka kwafa ba sa bayyana a littafin cinikin kamfani a Tokyo. Don haka na'ura na iya zama da rai a Boɗinga, alhali a wurin kamfani ta riga ta mutu.

Abin Lura

Janyewa ba gaba ba ce ta har abada. Da Nintendo Switch ta fito a 2017 ta kuma karɓu, EA ya kai mata FIFA 18 a shekarar, sauran kamfanoni ma suka dawo. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Ga matashin da ke tara kuɗi don buɗe shago, darasin a fili yake: kafin ya zuba jarinsa a na'ura, ya bincika shekarar da ta fito, da ko ana ci gaba da yi mata wasannin da abokan cinikinsa ke so, da ko za a samu kayan gyaranta. Ga malamin lissafi ko na tattalin arziki kuwa, wannan misali ne da ɗalibai suka riga suka sani da idonsu. Yana iya ba su kuɗin shirya wasa da ribar kwafi ɗaya, ya ce su gano yawan na'urorin da kamfani ke buƙata kafin ya yarda ya shiga kasuwa.