Da ƙaramin jari suka kai masu kallo sararin samaniya

Duk mai kasa kaya a kasuwa ya san yadda ake juya ƙaramin jari har ya ciyar da gida. Haka masu shirya wasannin tafiya sararin samaniya suka yi fama a farkon zamanin telebijin.

A shekarar 1949 tashar DuMont ta birnin New York a Amurka ta fara nuna Captain Video. Dala 25 kacal ake ware wa kayan wasan a mako. Ɗakin ɗaukar yana cikin ginin wani babban kanti mai suna Wanamaker, kuma da tarkacen mota aka harhaɗa wasu na'urorin jarumin. Kai tsaye ake watsa shirin, in an yi kuskure kowa ya gani.

A Ingila, BBC ta fito da Doctor Who a 1963. Jirgin jarumin ya zauna da siffar rumfar tarhon ƴan sanda, domin sake masa kama kowane mako kuɗi ne. Dodannin shirin, Dalek, hannunsu robar nan ce ta buɗe magudanar ruwa.

Shi ma Star Trek na 1966 bai tsira ba. Saukar da kumbo bisa wata duniya kowane mako ya fi ƙarfin aljihu, sai aka ƙago na'urar da ke ɓatar da mutum nan ta bayyana shi can. Wasu kayan aikin likitan jirgin kuwa ƴan kwalaben gishiri ne.

To ina gaskiyar kimiyya? Har yau babu na'urar da ke aika mutum haka. A sararin samaniya babu iska, saboda haka ƙara ba ta tafiya, amma mai kallo yana jin shuuu in kumbo ya wuce. Wasu dai sun yi ƙoƙari: shirin Tom Corbett na 1950 ya ɗauki masani Willy Ley domin ya riƙa ba su shawara.

Tsimin ya zo da asara. BBC ta riƙa goge kaset ɗinta tana sake ɗauka a kansu, kashi da dama na Doctor Who suka salwanta. A 2013 aka sanar da gano guda 9 a ma'ajiyar wata tashar telebijin a Jos, maƙwabciyarmu Najeriya. Abin da mai shi ya raina ya goge, shi aka dawo ana nema ruwa a jallo.