Wakilin Argungu a Majalisa

A zamanin da, in mutanen Argungu suka zaɓi wakili, sai ya tafi Kaduna, gama can majalisar Jihar Arewa take. Maza kaɗai ke jefa ƙuri'a. A 1966 soja suka rushe majalisar nan. Da aka koma zaɓe a 1979, Sakkwato wakilin ya nufa, mata kuwa suka shiga layi.

A 1991 aka yanke Jihar Kebbi daga ta Sakkwato, majalisa ta zauna Birnin Kebbi, tafiya ta zama gajeriya. Kujerunta 24 ne. Argungu na da ɗaya, Birnin Kebbi biyu. Tun 1999, bayan kowace shekara huɗu akan sake zaɓe. In wakili bai kyauta ba, sai a ba wani kujerarsa.