Albasar Galmi: tsakanin sanyin hunturu da laimar damana

Duk wanda ya bi babbar hanyar Ƙonni zuwa Madawa cikin watan Afrilu, tun kafin ya ga garin Galmi hancinsa zai gaya masa ya iso. Buhunan albasa ne jibge a bakin kwalta, manyan motoci na jiran lodi zuwa Abijan, Akara da Lome. Ƙasar Nijar na noma albasa fiye da ton miliyan ɗaya a shekara, kuma jihar Tawa ce kan gaba. Amma ribar wannan fatauci, tun daga manomi har zuwa ma'aikacin da ya zuba ɗan albashinsa ya sayi buhu ashirin ya ajiye, tana rataye ne ga abubuwa biyu da ba a saye a kasuwa: zafi da laima.

Albasa shuka ce ta sanyi. Ganyenta ya fi yin kyau idan zafi yana tsakanin digiri 13 da 24, abin da ba a samu a gundumar Malbaza sai daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da dare kan sauka wajen digiri 15. Shi ya sa manoman Galmi da na fadamun Maggiya ke yafa iri da zarar damana ta ɗauke, su yi dashe bayan kwana 40 zuwa 50. Ko wane ganye da shukar ta fitar cikin ɗari, ɓawo ɗaya ne a jikin albasar gobe. Wanda ya makara da dashe har zafi ya cim masa da ganye kaɗan, ƙananan kawuna zai tona, ko da ya cika fangalinsa da taki.

Sanyin ma yana da iyaka. Shukar da ta riga ta girma, idan ta sha sanyin dare na kwanaki a jere, sai ta miƙe kara ta yi fure. Mai neman iri wannan yake so, don haka yake sake dasa kawunan bara cikin ɗari. Ga mai neman kasuwa kuwa hasara ce, domin irin wannan albasa tana da ƙashi a ciki, ba ta kuma ajiyuwa. A nan ne ta yi kama da wata ƴar'uwarta ta ƙasashen Turai, wani ɗan farin fure mai kai a ƙasa da Faransawa ke kira perce-neige, wanda ba ya fure sai ya sha sanyi mai tsanani, har yakan huda ƙanƙara ya fito cikin Janairu ko Fabrairu. Dangi ɗaya ne a wurin masana tsirrai. Sai dai shi ba zai kai bazara ɗaya a Malbaza ba, ita kuwa ta Galmi bazarar take jira.

Idan rana ta ƙara tsawo kuma zafi ya tashi, daga ƙarshen Fabrairu, shukar kan bar yin ganye ta koma tara abinci a gindi. Busasshiyar iskar Maris, wadda laimarta kan yi ƙasa da kashi 20 cikin 100, ita ke ƙyafe ɓawon ya yi ja ya rufe wuya. Manomin ƙwarai yakan tsai da ban ruwa kwana 10 zuwa 15 kafin tono. Akwai masu ci gaba da shayarwa har ranar ƙarshe don kawuna su yi nauyi su cika buhu. Wannan ruwa mai saye ne zai biya kuɗinsa, cikin watan Agusta.

Lokacin tono farashi yana ƙasa, domin kowa na sayarwa. Wanda ya iya riƙe kayansa har ƙarshen damana yakan sami ninki biyu ko uku. To, a nan rudu yake shigowa, wato rumbun kara da ciyawa da ake ɗagawa bisa itace don iska ta ratsa ta ƙasa. Abin mamaki, zafi ba shi ne babban abokin gabar albasar ajiya ba. Tana barci lafiya ko dai kusa da digiri 0, ko kuma tsakanin 25 da 30. A tsaka-tsaki ne take farkawa ta tsiro. Laimar da ta dace da ita kashi 65 zuwa 70 ce cikin 100. Ƙasa da haka sosai, ta motse ta rasa nauyi. Sama da haka, kamar yadda ake gani a Yuli da Agusta, saiwa ta fito, baƙar funfuna ta shiga tsakanin ɓawo, ruɓaɓɓiya ɗaya ta shafi maƙwabtanta. Ba abin mamaki ba ne a buɗe rudu a tarar sulusin kaya ya tafi, musamman inda aka tula albasa da kauri, ko aka cika mata takin zamani a gona har wuyanta ya yi kauri ya ƙi bushewa.

Wannan juriya ga ajiya, tare da yajinta, ita ta yi wa albasar Galmi suna, har wani kamfanin iri na Senegal ya nemi mallakar sunan a wajen OAPI, hukumar kare haƙƙin ƙirƙira ta Afirka, Nijar ta ƙi yarda. A 2023 hukumar ta ba Nijar takardar shaidar cewa sunan Violet de Galmi na yankinsa ne. Takardar ta kare suna a kasuwannin waje. Abin da ke cikin buhu kuwa, ɗan kasuwa shi zai duba da hannunsa: ya matsa wuyan albasa ya ji ko ya bushe, ya saurari ƙarar ɓawo, ya kuma tambayi ranar da aka tsai da ruwa kafin ya ƙirga jikkunansa.