Kwabon Mamaci: abin da Ingila ta aika wa iyayen sojojinta

Yau zan ba ku labarin wani faifan tagulla da Turawan Ingila suka yi wa laƙabi da "kwabon mamaci".

Bayan an gama Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, gwamnatin Birtaniya ta fara aika wa iyalan sojojin da suka mutu wannan faifai. Faɗinsa wajen santimita 12 ne, kuma an ƙera sama da miliyan 1 da dubu 300. A jikinsa akwai hoton wata mace mai wakiltar Birtaniya, riƙe da mashi mai baki uku, ga zaki a gabanta. Hoton matar ya yi kama da na jikin kwabon Ingila na lokacin, daga nan laƙabin ya samo asali. Ana haɗa shi da takarda daga Sarki George na Biyar.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, suna kawai ake rubutawa, ba muƙami. Janar ne ko kurtu, duk ɗaya. Wai a mutuwa ba babba ba yaro.

To amma yara nawa ne a ciki? Doka ta ce sai mai shekara 19 za a kai fagen daga a ƙasar waje, amma samari da yawa sun yi ƙaryar shekaru. Akwai Valentine Strudwick, wanda aka kashe a Janairun 1916 kusa da Ypres a Beljiyam, yana ɗan shekara 15. Ku duba ƙaninku da ke aji uku na ƙaramar sakandare, shi ne sa'ansa. Wasu iyaye sun rataye faifan a bango, suna goge shi kullum. Wasu kuwa mayar da shi suka yi, don a ganinsu tagulla ba za ta biya ɗa ba.

Ga inda abin ya shafe mu. Kakanninmu Hausawa ma sun yi wannan yaƙin a rundunar Najeriya, sun fafata da Jamusawa a Garwa da Dutsen Mora a Kamaru, an kuma kai su Gabashin Afirka. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila ta fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ko'ina ba. Har ministan tsaron Birtaniya na wancan lokaci, Ben Wallace, ya nemi afuwa a majalisa.

Wato wani an zuba sunansa a tagulla, wani ko a dutse babu shi.

Saboda haka, in akwai tsohuwar lamba, hoto ko takardar soja a akwatin kakarku, don Allah kada a sayar wa 'yan gwangwan. Ku tambayi sunan mai ita tun tsofaffin suna raye, ku rubuta.

Allah Ya jiƙan magabatanmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.