Yamai: Haɗarin da ke ɓoye cikin wayar ralonj

A kasuwar Katako da ke Yamai, ƙarar injin yankan ƙarfe da na huda katako ba ta yankewa. Yawancin injunan nan da doguwar wayar jan wuta, wadda ake kira ralonj, ake haɗa su, kuma a nan haɗarin yake.

Wutar kamfanin NIGELEC volt 220 ce. Injin mai watt 2,200 yana jan amfiya 10, nauyin da siririyar waya mai araha ba za ta iya ɗauka ba. Sai ta yi zafi robarta ta narke, musamman idan an bar ta a naɗe. Ga garin katako zube a ƙasa, gobara ba ta da nisa.

Ɗauke wuta ma tarko ne. Idan ma'aikaci ya ajiye injin a kunne, da wuta ta dawo sai ya tashi da kansa, ya sari wanda ke kusa. Don haka a zare shi daga soket da zarar an ɗauke, ko kafin canza faifan yanka.

Idan wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu. A kashe ta daga mita tukuna, sannan a kira ƴan kwana-kwana ta lamba 18.