Wasannin Bidiyo a Zangon Kumasi: Dalilan Jin Daɗinsu da Bambancin Zaɓin Masu Yin Su

1.0 Gabatarwa

Wasa daɗaɗɗen abu ne a rayuwar Bahaushe. Yara suna da langa da carafke da 'yartsana, samari suna da dambe da kokawa, manya kuma suna da dara. A ƙarshen ƙarni na 20 sai wani sabon nau'i ya shigo, wato wasan bidiyo, wanda matasa ke kira gem. Shi ne wasan da ake yi a fuskar talabijin ko kwamfuta ko wayar hannu, mai wasa yana sarrafa abin da ke kan allo da madannai.

Wannan takarda za ta duba tambayoyi biyu. Ta farko, me ya sa mutane ke jin daɗin wannan wasa har su ba shi lokacinsu da kuɗinsu? Ta biyu, me ya sa wasan da ke ɗauke hankalin wani yake gundurar wani? An ɗauki misalai daga Zangon Kumasi a ƙasar Gana. Abin da takardar ke son nunawa shi ne, buƙatun da wasan bidiyo ke biya wa mutum tsofaffi ne, kuma wasannin gargajiya sun daɗe suna biyan irinsu.

2.0 Zangon Kumasi da Wasanninsa

Kalmar zango asalinta masaukin ayari. A Gana ana furta ta Zongo, ana nufin unguwar baƙi, galibinsu Musulmi, waɗanda suka zo daga arewa. Fataucin goro ne ya kawo Hausawa ƙasar Asante. A da Salaga ce babbar kasuwar goro, amma yaƙin basasar da aka yi a can a 1892 ya watsa fatake. Bayan Turawan Ingila sun kama Kumasi a 1896, musamman bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, baƙi suka riƙa zama a garin da yawa. A yau unguwanni irin su Aboabo da Asawase da Sabon Zongo da Akwatia Line cike suke da Hausawa da Mosawa da Dagwambawa da Wangarawa da Zabarmawa da sauransu, kuma Hausa ce harshen da ya haɗa su.

Mutanen Zango sun iske wasan Asantawa mai suna oware, wanda ake yi a kan katako mai gurabe 12 da 'ya'ya 48. Su kuma sun zo da dararsu, wadda ake haƙa wa gurabe 30 a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. Daga baya ludo da karta da ƙwallon ƙafa suka shigo. Ƙwallo kuwa ta yi kaka-gida a Kumasi. Kulob ɗin Asante Kotoko ya ci kofin zakarun Afirka a 1970 da 1983, babban filin wasan garin yana ɗauke da sunan Baba Yara, kuma Alhaji Karim Grusah ya kafa kulob ɗin King Faisal a wannan gari.

Saboda haka, lokacin da na'urar PlayStation ta kamfanin Sony ta fito a 1994, ta biyu kuma a 2000, sun tarar da jama'ar da ta riga ta saba da gasa. Da yake ba kowane gida ke iya sayen na'urar ba, sai aka buɗe gidajen gem, wato shago mai talabijin biyu ko uku da bencina, inda ake biyan kuɗi a buga wasa. Daga baya wayoyin zamani suka kai wasan cikin aljihun kowa.

3.0 Dalilan Jin Daɗin Wasa

A shekarar 2006 wasu masana halayyar ɗan Adam uku, wato Ryan da Rigby da Przybylski, sun wallafa bincike a kan abin da ke jan mutane zuwa wasannin bidiyo. Sun nuna cewa jin daɗin wasa yana ƙaruwa gwargwadon yadda ya biya buƙatu uku.

3.1 Gwaninta

Mutum yana son ya ga yana ƙwarewa. A makaranta sai ƙarshen zangon karatu ɗalibi ke ganin sakamako, a wajen koyon sana'a kuwa yaro kan shekara uku kafin a yaye shi. A wasan bidiyo sakamako nan take ne: ka danna daidai ka ci, ka yi kuskure a ci ka. Masu ƙirƙirar wasanni suna tsara su mataki-mataki, ta yadda kowane mataki zai ɗan fi na baya wuya. Idan wasa ya yi sauƙi da yawa sai ya gundiri mai yi, idan ya yi wuya da yawa sai ya fusata ya ajiye. Tsakanin waɗannan biyu ne ake samun halin da masani Csikszentmihalyi ya bayyana, inda hankali ke nutsewa cikin aiki har mutum ya manta da lokaci. Wanda ya taɓa ganin dattawa biyu sun duƙufa a kan dara har inuwa ta gushe ta bar su a rana ya san wannan hali.

3.2 'Yancin Zaɓi

Yaron Zango yana tashi ƙarƙashin umarni: na iyaye, na malamin makaranta, na maigida a kasuwar Kejetia ko a garejin Suame. A cikin wasa shi ne mai yanke shawara. Shi zai zaɓi kulob, ya jera 'yan wasa, ya sauya wanda ya ga dama. Wasan GTA San Andreas na 2004 ya yi farin jini a gidajen gem saboda ya ba mai wasa garuruwa ya yawata yadda yake so. Haka kuma kuskure a wasa ba shi da tsada. In an faɗi, sai a sake daga farko.

3.3 Zumunci

Wannan shi ne dalilin da ya fi fitowa fili a Zango. Matasa suna da wuraren zamansu da suke kira bes, inda ake dafa shayin ataya ana hira, kwatankwacin majalisa a Kano ko fada a Nijar. Gidan gem ma irin wannan dandali ne. Mutum biyu ke riƙe da madannai, amma goma ke kallo, suna zuga, suna tsokana, suna jiran layi. Sau da yawa ƙa'idar ita ce wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya tashi. Daɗin cin wasa a gaban abokai ya fi na cin kwamfuta a ɗaki nesa ba kusa ba, domin nasarar da ba ta da shaida ba ta da labari.

4.0 Bambancin Zaɓi

Idan buƙatun ɗaya ne, me ya sa zaɓi ya bambanta? Amsar ita ce, kowane mutum da buƙatar da ta fi ƙarfi a zuciyarsa, kuma kowane wasa da abin da ya fi bayarwa. A 1958 wani masani Bafaranshe, Roger Caillois, ya kasa wasannin duniya gida huɗu. Rabon nasa ya dace da wasannin Hausa, ya kuma dace da na bidiyo.

Kashi na farko shi ne gasa, inda ake neman sanin wanda ya fi. Dambe da kokawa da dara suna nan, haka wasannin ƙwallo irin su FIFA da na faɗa irin su Mortal Kombat.

Kashi na biyu shi ne sa'a, inda sakamako ke hannun ƙaddara. Ludo, wanda asalinsa wani wasan Indiya ne, misali ne mai kyau, kuma ya koma cikin waya da sunan Ludo King a 2016. Mai son irin wannan yana jin daɗin cewa ƙarami na iya cin babba.

Kashi na uku shi ne kwaikwayo, inda mutum ke zama wani. Wasan 'yartsana da tashe suna cikinsa, haka wasannin da ke da labari, inda mai wasa ke zama jarumi ko manajan kulob.

Kashi na huɗu shi ne juwa, wato daɗin gudu da jujjuyawa, irin na lilo da hajijiya. Wasannin tseren mota sun gaji wannan.

Ko cikin kashi ɗaya ana samun saɓani. Shekara da shekaru masu son ƙwallon bidiyo sun rabu tsakanin FIFA na kamfanin EA da PES na kamfanin Konami. FIFA ya fi samun izinin amfani da sunayen kulob-kulob na gaskiya. PES kuwa a wasu shekaru ya riƙa kiran Manchester United da Man Red, Chelsea kuma London FC, amma magoya bayansa suna cewa tafiyar ƙwallonsa ta fi kama da ta fili. Ke nan ɗaya yana neman kwaikwayo, ɗaya yana neman gwaninta. Sunayen biyu sun sauya: PES ya koma eFootball a 2021, FIFA ya koma EA Sports FC a 2023.

Bayan ɗabi'a, akwai wasu abubuwa da ke gyara zaɓi:

(a) Sabo. Wanda ya girma da wasan Snake, wanda ya fara zuwa a wayoyin Nokia a 1997, yakan so wasa mai sauƙin ƙa'ida. Wanda ya buɗe ido da Free Fire na 2017 yakan ga wancan ba shi da armashi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

(b) Hali. Mai ƙaramar waya da ɗan data yana zaɓen wasan da ba ya buƙatar intanet. A shekarun da Gana ta yi fama da ɗaukewar lantarki da ake kira dumsor, wadda ta tsananta a 2015, wasan waya ya fi na talabijin sauƙi.

(c) Lokaci. Tela ko mai shago ba shi da awa biyu a jere. Wasa irin Candy Crush, wanda ake gama mataki ɗaya cikin 'yan mintoci, shi ya dace da jiran mai saye.

(d) Jinsi da al'ada. Gidajen gem galibi dandalin maza ne, domin ba a cika son ganin budurwa a irin wannan taro ba. Wannan bai nuna mata ba sa wasa ba. Suna yi a waya a cikin gida, kuma wurin da aka ba mutum yana da hannu a abin da zai so.

(e) Ganin kai a cikin wasa. Mutum yana son labarin da ya sani. Eyram Tawia, wanda ya yi karatu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi, ya haɗa kai da Wesley Kirinya na Kenya suka kafa kamfanin Leti a 2009. Daga cikin jaruman da suka yi amfani da su akwai Ananse, wanda shi ne takwaran Gizo na tatsuniyoyin Hausa.

5.0 Iyakar Wasa

Damuwar iyaye da malamai a kan gidajen gem tana da tushe. Akwai yaran da ke gudun makaranta ko su kashe kuɗin aike a can. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, jerin ya fara aiki a 2022. Sai dai ta gindaya sharuɗɗa: mutum ya kasa iko da kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani, kuma yawanci hakan ya kai wata 12. Yawancin masu wasa ba su kai wannan matsayi ba.

Wata iyakar ita ce tsakanin wasa da caca. Da zarar an aza kuɗi a kan sakamako, an bar wasa an shiga wani abu dabam, wanda Musulunci ya haramta, dokar Gana ta 2006 kuma ta hana shi ga wanda bai kai shekara 18 ba.

Asantawa suna da labarin gargaɗi. Suna cewa sarkin Denkyira, Ntim Gyakari, yana zaune yana buga oware da matarsa lokacin da mayaƙan Asante suka cim masa a yaƙin Feyiase na 1701. Laifin ba na oware ba ne, na wanda bai san lokacin tashi ba ne. Don haka uban da ke son gyara zai fi dacewa idan ya fara da gano abin da ɗansa ke nema a wasan. Mai neman abokai dabam, mai neman a yaba gwanintarsa dabam, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

6.0 Harshen Masu Wasa

Yana da kyau ɗalibi ya lura cewa sabon wasan ya ari suna daga Ingilishi, amma aikatau ɗinsa na Hausa ne. Ana buga gem kamar yadda ake buga ƙwallo. Ana cin wasa, ana cinye abokin karawa, ana shan kashi, ana lallasa mutum, ana tashi kunnen doki ko canjaras. Duk waɗannan sun girmi talabijin. A Hausar Zango kuma za a ji kalmomin Twi da na Ingilishi sun cakuɗa da su, kuma masu magana da yawa ba sa bambanta jinsin namiji da na mace kamar yadda daidaitacciyar Hausa ke yi.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata an ga cewa mutane suna jin daɗin wasan bidiyo ne saboda yana ba su gwaninta da 'yancin zaɓi da zumunci. An kuma ga cewa zaɓi yana bambanta bisa ɗabi'a da sabo da hali da lokaci da al'ada. Dattijon da ke kan dara a Aboabo da jikansa da ke gidan gem abu ɗaya suke nema, kayan wasan ne suka sauya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Tambayoyi

1. Kawo buƙatu uku da wasan bidiyo ke biya, tare da misali ɗaya ga kowace.
2. Sanya waɗannan cikin kashe-kashen Caillois: langa, lilo, tashe, ludo.
3. Yi jimloli biyar da aikatau "ci", kowace da ma'ana dabam.
4. Rubuta sakin layi ɗaya a kan wasan da ka fi so da dalilin son sa.