Ko Ka Sani? Mutum-mutumin da Ake Koyon Ceton Rai a Kansa

Mutum-mutumin roba da ake kira Resusci Anne, wanda likitoci da ma'aikatan jinya a faɗin duniya suke koyon farfaɗo da majiyyaci a kansa, ya fito ne daga hannun wani mai ƙera kayan wasan yara, Asmund Laerdal, mutumin birnin Stavanger na ƙasar Norwe, wanda ya fitar da shi a shekarar 1960. Kafin nan likitoci biyu a Amurka, Peter Safar da James Elam, sun tabbatar da cewa hura wa wanda numfashinsa ya ɗauke iska baki da baki yana iya riƙe ransa, sai dai babu yadda za a yi ɗalibai su riƙa gwada wannan a jikin mutum mai rai ba tare da an cutar da shi ba. Wannan ne ya sa aka buƙaci mutum-mutumin, kuma Laerdal ya ɗauko kamannin fuskarsa daga wani sanannen sassaƙe na ƙasar Faransa, wanda aka ce fuskar wata budurwa ce da aka tsamo gawarta daga kogin da ya ratsa birnin Paris.

Gwanintar ƙirar tana ciki. Maƙogwaron mutum-mutumin ba ya buɗewa sai an karkata kansa baya an ɗaga haɓarsa, kamar yadda harshen wanda ya suma yake toshe hanyar iska, kuma a ƙirjinsa akwai ƙarfe mai lanƙwasa wanda yake turjewa gwargwadon turjiyar haƙarƙarin babban mutum. Na zamani suna ɗauke da na'urorin awo da ke aika sakamako zuwa waya ko kwamfuta, suna nuna ko dannawar da ake yi wa ƙirjin ta kai zurfin santimita 5 zuwa 6, ko saurinta ya kai sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, da kuma ko an bar ƙirjin ya dawo daidai bayan kowace dannawa, domin a wannan ɗan tsakanin ne zuciya take sake cika da jini. Ƙa'idar ita ce dannawa 30, sannan hura iska sau 2, kuma gaggawar tana da dalili, tunda ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 idan jini ya daina isa gare ta.

A nan ne darajar wannan na'ura take bayyana yanzu da wani sashe na karatun farfaɗo da majiyyaci ya koma intanet. Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka tana barin ma'aikaci ya yi darasi da jarrabawa ta kwamfuta, amma ba ta ba shi takardar shaida, wadda take aiki na shekara 2, sai ya ɗora hannu a kan mutum-mutumi an auna aikinsa. Wannan sharaɗi daidai ne, domin mutum yana iya haddace lambobin nan duka alhali hannunsa bai san nauyin da ake bukata ba, ga shi kuma gajiya tana rage ƙarfin dannawa tun kafin mai yi ya ankara, abin da ya sa ake canza mai dannawa duk bayan minti 2. Saboda haka ya wajaba hukumomin asibitoci su tambayi duk wanda ya kawo takardar da ya samu ta intanet inda aka gwada hannunsa kafin su amince da ita.